Me kuka kalla kwanan nan? Maki cikin goma, na da da na yanzu

Mai Kula da Zaure: Assalamu alaikum. Kowa ya kawo abin da ya kalla kwanan nan, tsoho ko sabo. Ƙa'ida dai ita ce ta kullum: sunan fim, shekararsa, maki cikin goma, sannan a faɗi wane kwafi aka kalla, da harshensa na asali ne ko fassara, cikakke ne ko yankakke. Wannan na ƙarshen shi ake yawan tsallakewa, kuma shi ke haddasa rabin musun da muke yi a nan. Fim ɗin da bai kai shekara biyar ba, a yi mana rai kada a fasa ƙwan ƙarshensa.

Tsohon Ɗan Sinima: Wa alaikumus salam. Bari dattijo ya buɗe. Sholay, 1975, na Ramesh Sippy. Tara cikin goma. Abin da ya hana shi tsufa shi ne haƙurin marubutansa, Salim da Javed. Sai an ci kusan awa guda ana jin sunan Gabbar a bakin mutane kafin a nuno fuskarsa, saboda haka lokacin da Amjad Khan ya bayyana yana jan ɗamarar harsashi a kan duwatsu, tsoronsa ya riga ya kwanta a zuciyar mai kallo. Bos na yanzu tun minti na biyar an nuno shi yana ihu, kafin tsakiya an saba da shi kamar maƙwabci. Duwatsun nan na Ramanagara ne, kusa da Bangalore. Maki ɗayan da na rage na barkwancin gidan yari ne, ya yi tsawo kuma bai ƙara wa labarin komai ba. Amma ku sani ƙarshen fim ɗin iri biyu ne. A wanda darakta ya fara ɗauka, Thakur, wanda Gabbar ya sare wa hannuwa biyu, shi ke kashe shi da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace fina-finan Indiya ta ƙi yarda, lokacin ana cikin dokar ta-ɓacin Indira Gandhi, aka sake ɗauka: 'yan sanda suka iso a kan gaɓa suka kama shi. Wannan na biyun shi aka yi ta nunawa a sinimomi. Na farkon na ba tara. Na 'yan sandan takwas ne, don ya kashe wutar da aka yi awa uku ana hurawa.

Ɗan Auta: Baba, ta yaya mutum zai gane wanne ke hannunsa ba tare da ya tsallaka ƙarshe ba?

Tsohon Ɗan Sinima: Duba tsawonsa, yaro. Na sinima minti 198 ne, na darakta 204. In ka ga ƙasa da awa uku, wani ne ya zauna ya zubar da waƙoƙi, kada ma ka ɓata lokacinka. A 2025 an gyara fim ɗin daga tushe aka nuna shi a Bologna ta ƙasar Italiya da ƙarshensa na asali.

Uwar Biyu: Sannu da ƙoƙari Baba. Ni nawa na zaman iyali ne. Children of Heaven, 1997, na Majid Majidi, fim ɗin Iran, da Farisancinsa da rubutun fassara a ƙasan allo. Goma cif, ba na rage ko ɗigo. Yaro ya kai takalmin ƙanwarsa gyara ya ɓatar, suna tsoron faɗa wa iyaye don gidan babu, sai suka koma karɓa-karɓa da nasa: ita ta je makarantar safe, ta sheƙo a guje ta cire masa a lungu, shi ya zura ya ruga tasa. Daga baya aka sa gasar tsere wadda kyautar na uku takalmi ce, yaron ya shiga da niyyar ya zo na uku, ba na ɗaya ba. Bai kai awa ɗaya da rabi ba, babu abin da za ki kai hannu rimot ki wuce. Yaron da bai iya karatu da sauri ba ma zai fahimta, don rabin labarin a fuska yake.

Sai Laapataa Ladies na Kiran Rao, wanda ya shiga sinima a 2024. Takwas. Amare biyu cikin lulluɓi iri ɗaya a jirgin ƙasa ɗaya, ango ya farka cikin dare ya ja hannun wadda ba tasa ba, sai da aka isa gida aka ɗaga mayafi. Duk wadda ta san kai amarya za ta yi dariya kafin ta yi shiru. Ɗan sandan nan mai tauna ganye yana karɓar na goro, Ravi Kishan, shi ya kwashe fim ɗin. Inda ya gaza: miyagun cikinsa ba su da kaifi, komai ya warware cikin sauƙi fiye da yadda duniya take.

Ɗan Auta: Maharaja, 2024, na Vijay Sethupathi. Shida. An yi ta zuzuta shi amma ni ruɗa ni ya yi. Wanzami ya je ofishin 'yan sanda wai an sace masa kwandon shara, daga nan sai a nuno wannan a nuno wancan, ban san me ya riga me ba. Fassarar Hausa na kalla.

Mai Haɗa Hoto: Ƙanena, da alama ba fim ɗin ka ba shida ba, kwafin ka ba. Nithilan Saminathan da gangan ya gauraya lokuta, yana nuna abin da ya faru shekaru da yawa baya kamar yau ne yake faruwa, kuma ya bar wa mai kallo alamomi. Mafi sauƙi: kunnen jarumin. Duk inda ka gan shi da bandeji a kunne, kana cikin kwanakin ƙarar kwandon. Inda babu, ka koma baya. Sannan ka lura da askinsa, da irin wayoyin da mutane ke riƙewa. Cikakkensa ya kai awa biyu da minti ashirin. In naka bai kai haka ba, an cire wuraren da ba a magana, kuma a irin waɗannan wuraren ne alamomin suke. Da Tamil ɗinsa na asali ina ba shi takwas da rabi. Hajiya, wannan kam ba na falo ba ne, akwai cin zarafin yarinya da zubar jini ƙarara.

Uwar Biyu: Allah ya saka da alheri da ka faɗa, don sunan kaɗai zai sa a ɗauka na sarauta ne.

Malamar Adabi: Tunda an taɓo fassara, a yi mata adalci. Tun da su Algaita suka buɗe wannan ƙofa, mutanen da ba sa jin Indiyanci kuma ba sa karanta Turanci suka fara bin labari daga farko zuwa ƙarshe, ba hasashe daga fuska ba. Ba ƙaramin aiki ba ne. Matsalar tana ga masu gaggawa, kuma iri uku ce. Na ɗaya, ba su da sautin fim a rarrabe, wato magana daban, kiɗa daban, sai su rage ƙarar asalin gaba ɗaya duk lokacin da mai fassara zai yi magana. Shi ya sa za ka ji kiɗa yana nutsewa yana tasowa kamar rediyo mai raunin batir. Na biyu, cika shiru da barkwanci. Darakta ya bar daƙiƙa goma babu magana don abin ya ratsa mai kallo, mai fassara ya cusa zolaya. Na uku, murya ɗaya ta ɗauki mutum huɗu. Fim ɗin faɗa irin KGF yana jure duk wannan. Fim ɗin da aka gina a kan ɓoye bayani ba ya jurewa.

Mai Haɗa Hoto: Haka ne Malama. Kuma ko a Indiya ma fassarar ake yi wa juna. RRR, 2022, na Rajamouli, da Telugu aka yi shi, wanda ke Netflix kuwa na Hindi ne. Jaruman biyu su suka ɗora muryoyinsu da kansu, saboda haka bai lalace ba, amma in ka zuba wa leɓe ido za ka ga ba sa haɗuwa. Bakwai da rabi. Awa uku ne da 'yan mintuna, sunan fim ɗin ma sai wajen minti na arba'in yake fitowa. Kada wani ya ɗauke shi tarihi: Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem mutane ne na gaskiya da suka yi tawaye, amma haɗuwarsu da abotarsu ƙirƙira ce. Rawar Naatu Naatu, wadda waƙarta ta ci Oscar a 2023, a gaban fadar shugaban ƙasar Yukren aka ɗauke ta, a Kiev, watanni kafin yaƙi. Dabbobin kwamfutar, a babban allo suna wucewa, a waya da ƙaramin kwafi sai su zama kamar na wasan yara.

Malamar Adabi: Nawa guda biyu ne, dukkansu tsofaffi. Shaihu Umar, 1976, na Adamu Halilu, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Takwas. Shekaru da yawa ana ɗauka ya salwanta, sai a 2016 aka gano faifansa na asali a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Minti 142 ne, kuma tafiyarsa tafiyar raƙumi ce, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba. Abin da za a je nema a ciki: Hausar da ake yi ba gauraye, gaisuwar fada da yadda ake zubewa, suturar da ba ta yi kama da wadda aka karɓo daga tela jiya ba, da ayari a cikin rairayi. Ɓangaren uwar, wadda ta bar gida neman ɗanta ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ya fi na Umar ɗin kansa ciwo, a littafin ma haka yake. Rauninsa shi ne wasu wuraren sun fi kama da wasan daɓe da aka kafa wa kyamara, kowa ya jira ɗan'uwansa ya gama magana.

Na biyu Mother India, 1957, na Mehboob Khan. Tara. Mutane suna tuna kuka da waƙa, suna manta lissafin da ke ƙarƙashi. Rufi 500 na kuɗin Indiya aka ranta don biki, mai ba da bashin ya rubuta abin da ya ga dama tunda babu mai karatu a gidan, dattawan gari suka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne a matsayin kuɗin ruwa. Uwar kuɗin tana nan ba ta motsa ba har 'ya'ya suka girma. Duk wanda ya san jinginar gona ba sai an fassara masa ba, kuma ina ganin wannan ne ya sa ya zauna a ƙasar Hausa fiye da waƙoƙinsa.

Tsohon Ɗan Sinima: Allah ya yi miki albarka Malama. Ƙarin bayani ga yara: Sunil Dutt da ya fito a ɗanta mai taurin kai, shi ya ciro Nargis daga gobarar da ta tashi wajen ɗaukar fim ɗin, suka yi aure a 1958. Su ne iyayen Sanjay Dutt, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, kamar yadda Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa, a ba mutanen Nijar wuri. Sarraounia, 1986, na Med Hondo, daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarin sarauniyar Lugu ta ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, wadda ta tsaya wa rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899. Ya ci babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987. Bakwai na ba shi, ga dalili. A Nijar aka so ɗaukarsa, abin bai yiwu ba aka koma Burkina Faso, shi ya sa sarauniyar Azna take magana da harshen da ba Hausa ba. Bahaushe zai ji wannan a kunnensa daga farko har ƙarshe. Na biyu, bayan yaƙin Lugu fim ɗin ya bar ta ya bi Turawan da haukarsu har sojojinsu suka kashe su, sai ka yi kusan rabin awa kana tambayar ina mai sunan. Amma wannan ɓangaren shi ne mafi ƙarfi a aikin kyamara, kuma bai ɓoye ƙone garuruwan da aka yi ba. A nemi kwafi mai faɗi, don an ɗauki rundunar ne daga gefe zuwa gefe.

Sai Zinder, 2021, na Aïcha Macky. Tara. Ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne na unguwar Kara-Kara, wadda asalinta wurin da aka ware wa kutare ne, da samarin da ke taruwa a ƙungiyoyin da ake kira fale. Hausa ce tsantsa ta titi, babu mai sharhi da ke gaya maka abin da za ka ji. Akwai wurin da kyamara ke bin tabon sara a jikin mutum a hankali, ba a ce komai ba. Masu safarar fetur daga kan iyaka ma suna ciki. Minti tamanin da 'yan kai. Mutanen Kano da Kaduna za su ga 'yan dabarsu da wani suna.

Malamin Tarihi: Madalla da wannan. The Message, 1976, na Moustapha Akkad, shi ne babban misalin abin da shugaban zaure ya faɗa, don fim biyu ne, ba ɗaya da aka fassara ba. Kowane fage sau biyu aka ɗauka a wuri ɗaya, 'yan wasan Turanci su yi su fita, na Larabci su shigo. Anthony Quinn ne Sayyidina Hamza a na Turanci, Abdullah Gaith a na Larabci. Hindu matar Abu Sufyan kuwa Irene Papas ce a na Turanci, Muna Wassef a na Larabci. Na Larabcin ya fi tsawo, kuma shi na ba tara, na Turancin takwas. Dalili: ayoyi da huɗuba suna fita da nauyinsu, kuma Muna Wassef ta fi tsoratarwa. Ba a nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a jin murya, haka ma halifofi huɗu. Inda ake magana da shi sai 'yan wasa su fuskanci kyamara. A Maroko aka fara ɗauka aka ƙarasa a Libiya. Gargaɗi ɗaya ga masu nuna wa ɗalibai: an taƙaita sira ƙwarai, daga Uhudu zuwa Hudaibiyya tsalle ɗaya ne, kada ya maye gurbin littafi.

Lion of the Desert na Akkad ɗin dai, labarin Umar Mukhtar, jagoran mayaƙan Libiya da ya yaƙi Turawan Italiya, takwas da rabi. Wayar ƙaya da janar ɗin Italiya Graziani ya shimfiɗa a iyakar Masar don yanke wa mayaƙa abinci gaskiya ce, kimanin kilomita 270, haka sansanonin da aka tsare jama'a, haka rataye Umar Mukhtar a Suluƙ ranar 16 ga Satumba 1931. An saka hotunan gaske na lokacin a tsakiya.

Ɗan Auta: Malam na gode. Wata matsala: Oppenheimer, labarin masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, na kunna a talabijin, kiɗa kamar zai fasa sifika, magana kuma sai na kasa kunne. Ga rubutun ƙasan allo da farko daidai, can gaba sai ya koma baya da nisa. Biyar na ba shi don haushi.

Mai Gyaran Talabijin: Janye biyar ɗin nan tukuna, laifi biyu ne kuma kowanne da maganinsa. Sautin irin waɗannan fina-finai kashi shida ne: hagu, dama, tsakiya, biyu na baya, da na rugugi. Kusan duk magana a na tsakiya take. Talabijin mai sifika biyu dole ta cakuɗa shidan, sai kiɗa da ƙarar fashewa su danne na tsakiyan. Shiga saitin sauti ka zaɓi yanayin fito da murya, a LG sunansa Clear Voice, a Samsung Amplify, ka kashe duk wani yanayin da ke kwaikwayon sinima. In fayil ɗin yana da zaɓin sauti mai kashi biyu, ɗauki shi. A kwamfuta, manhajar kallo ta VLC tana da Compressor a cikin gyaran sauti, yana rage tazarar da ke tsakanin raɗa da tsawa. Daraktan fim ɗin, Nolan, shi kansa yana son kiɗa ya hau kan magana, saboda haka ba zai zama tas ba, amma za a ji.

Rubutu kuwa, ka fara gane irin ciwon. In tazarar iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, misali daƙiƙa biyu, danna G ko H a VLC, kowace dannawa tana matsar da shi kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. In tazarar ƙaruwa take yi, kamar naka, matsarwa ba za ta yi ba. Fim ɗinka yana gudu hoto 25 a daƙiƙa, rubutun an yi shi ne don mai gudun 23.976. Bambancin ya ɗan haura kashi huɗu cikin ɗari, wato bayan awa guda rubutu ya makara da kusan minti biyu da rabi. Buɗe rubutun a manhajar Subtitle Edit ka sauya gudun daga 23.976 zuwa 25, ko ka nemo wanda aka yi don kwafinka.

Tunda ina kai: wanda fim ke yi masa santsi kamar wasan kwaikwayon talabijin, ya kashe TruMotion a LG, Auto Motion Plus a Samsung, Motionflow a Sony. Talabijin ce ke ƙirƙiro hotunan da ba a ɗauka ba tana cusawa a tsakani.

Mai Haɗa Hoto: Bayan ka gyara, riƙe wannan mabuɗin. Mai launi, ta idon Oppenheimer ake gani. Baƙi da fari, ta idon Lewis Strauss, jami'in gwamnatin da ya zama abokin gabarsa. Ba wai baƙi da fari shi ne tsohon lokaci ba, hasali ma zaman majalisar Strauss na 1959 ya biyo bayan binciken da aka yi wa Oppenheimer a 1954. Kuma shirun da ke biyo bayan hasken gwajin bam ɗin ba lalacewar sauti ba ne, haske ya riga ƙara isowa. Takwas. Awar ƙarshe ta cika sunaye.

Uwar Biyu: To namu na gida fa? Kowa ya tsallake.

Malamar Adabi: Ba a tsallake ba Hajiya, ana ɗaura ɗamara ne. The Milkmaid, 2020, na Desmond Ovbiagele, wanda aka ɗauka a jihar Taraba. Bakwai. Hoto ya yi kyau ƙwarai, tsaunuka da ciyawa kamar ka taɓa. Maryam Booth ta cancanci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA da ta samu, don ta ɗauki matsayin da mai kallo zai tsane ta kuma ya tausaya mata a lokaci guda. Amma an rubuta maganganun ne da tunanin Turanci aka juye, wasu jimlolin babu mai tallar nono da za ta furta su. Sannan hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta sa an cire kusan minti 24 kafin a nuna shi a gida, saboda haka wanda ya ce labarin yana tsalle da wanda ya ce bai yi ba, ƙila duk gaskiya suka faɗa. Mai Martaba, 2024, na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, shida da rabi. Dawaki, rawuna, ganuwa, duk sun fito. Rikicin gadon sarautar ne aka yi wa gaggawa, ba a ba mu lokacin sanin masu neman kujerar ba kafin a fara zare takobi. Dukkansu biyun Najeriya ta aika da su gasar Oscar, kuma Hausar ce ta ba su dama, tunda a 2019 an cire Lionheart saboda Turanci ya yi yawa a cikinsa.

Tsohon Ɗan Sinima: Ni Sangaya na sake dubawa, na Sarauniya Films, Ali Nuhu da Fati Muhammad suna yara. Bakwai don waƙa da tsabtar labari, ɗan sarki da baiwar gida. In don haske da sauti ne huɗu ma ya yi yawa.

Mai Gyaran Talabijin: Ranka ya daɗe, a nan ma a yi hattara. Fina-finan wancan zamani da kyamarar bidiyo aka ɗauke su aka sayar a kaset, babu wani kwafi mai kaifi da ke ɓoye a wani wuri. In ka ga an rubuta HD a kan irinsu, kumbura hoton aka yi, nauyi ya ƙaru, kyau bai ƙaru ba. Mafi muni shi ne miƙe shi ya cika allo: hoton kusan murabba'i ne, huɗu bisa uku, in aka ja shi sai fuskoki su baje kamar faranti. Saita talabijin a 4:3 ka bar baƙin gefe da gefe. Akasin haka ke faruwa da tsofaffin fina-finan Canis irin The 36th Chamber of Shaolin na 1978: su masu faɗi ne, kwafin kaset ya datse gefuna, sai ka ga jarumi yana kai duka ga wanda ba ya cikin allo.

Mai Haɗa Hoto: Ga masu cewa rashin kuɗi ne ke hana mu, 12 Angry Men, 1957, na Sidney Lumet. Goma. Minti 96, kusan duka a ɗaki ɗaya, mutum goma sha biyu da tebur da fanka da ta ƙi tashi. Za su yanke hukunci kan yaron da ake zargi da kashe ubansa, sha ɗaya sun ce ya aikata, ɗaya ya ce a dai tattauna. Dabarar da za a sata: kashi na farko kyamara tana sama da ido, ɗakin yana da sarari. Na tsakiya ta sauko daidai ido. Na ƙarshe ta koma ƙasa har ana ganin rufi, kuma ana ta sauya gilashin kyamara zuwa mai jawo nesa, bango ya matso bayan mutane. Mai kallo zai ji ɗakin yana ƙuntata bai san dalili ba. Mu kuwa falo ɗaya, kujera uku, kyamara a tsaye wuri guda har a gama faɗan kishiyoyi.

Ɗan Damagaram: Wannan magana ta zauna. Tambaya kafin a watse: Drishyam, wanne za a fara da shi? Na ga guda biyu masu suna ɗaya.

Mai Haɗa Hoto: Fara da na harshen Malayalam, 2013, na Jeethu Joseph, wanda Mohanlal ya ja. Tara. Na Hindi, 2015, da Ajay Devgn da Tabu, bakwai da rabi. Labarin ɗaya ne: mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin, wanda bai wuce aji huɗu ba, yana kare iyalinsa da abin da ya koya daga kallon fina-finai. Bambancin shi ne Mohanlal ya yi kama da mutumin da za ka raina, shi kuwa Devgn tun shigowarsa ka san jarumi ne, sai rabin mamakin ya tafi. Tabu ce ribar na Hindin. Awar farko a na asalin tana tafiya a hankali, hirar gida da ta mai shayi, kada ka wuce ta, duk abin da aka ajiye a can za a dawo a ɗauka. Na biyunsa, na 2021, kada ka taɓa shi sai ka gama na farko.

Ɗan Auta: Na samo shi, amma ya ƙi shiga filashi, wai fayil ya yi girma, alhali akwai sarari.

Mai Gyaran Talabijin: Filashinka a tsarin FAT32 yake, ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga huɗu ko da sarari ya kai nawa. Kwashe abin da ke ciki tukuna, don gogewa zai yi, sannan ka mayar da shi exFAT ko NTFS. Gwada da ƙaramin fayil a talabijin ɗin kafin ka zuba babban, wasu tsofaffi ba sa ganin exFAT, sai NTFS. In hoto ya ƙi fitowa sauti na yi, ko allo ya ce bai san fayil ɗin ba, da tsarin matse bidiyo na x265 aka yi shi, tsohuwar talabijin ba ta karanta shi. Saka shi a manhajar HandBrake ka mayar da shi H.264, 720p, sauti AAC mai kashi biyu. Fim mai tsawon Drishyam zai sauko wajen giga ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma maganar ma za ta fi fitowa.